Neman Autan Falmata a Akra

Sai da muka wuce Kwatano sannan na fara zargin cewa tafiyar nan ba ta dambe ba ce. Buhunan ne suka tsaya min a rai. Mu biyar Ciyaman ya kwaso daga gidan damben Sabon Gari, 'yan dambe huɗu da ni mai kalangu, amma buhunan da muke ja sun fi mu yawa, kuma duk iyakar da muka iso sai ya nuna mu ya ce, "Tawagar wasa ce, waɗannan kayan 'yan wasa ne." Ni dai tunda nake kiɗan dambe ban taɓa ganin ɗan damben da kayan aikinsa suka wuce zaren ɗaure hannu da gajeren wando ba.

Ciyaman wani ɗan gayu ne mai baƙin tabarau da ya yi ta zarya gidan dambe yana raba mana lemo. Ya ce ana wata babbar gasar wasanni ta ƙasashe a Akra, da gudu da ninƙaya da kokawa da ƙwallo, kuma an ba shi fili a nuna damben gargajiya duniya ta gani. Lokacin azumi ya ƙarato, za a rufe gidan dambe wata guda, makaɗi kuwa in ba a wasa sai hamma. Ni kuma dama ba ni da zama, ko a masallaci sai na riƙe yatsuna don kada su kaɗa tabarma. Na ce a tafi.

Cikin 'yan damben akwai Modu, ɗan yayata Ya Falmata, wanda ake wa laƙabi da Autan Falmata. Mu asalinmu Barno, kakanmu ne ya zauna a Fagge da sana'ar hula. Duk gidan daga mai ɗinkin hula sai mai wankinta, sai ni da na bauɗe na ɗauki kalangu, sai kuma Modu da ya bi ni gidan dambe ya ɗaura zare. Shi ya sa da maganar tafiya ta taso Ya Falmata ba ta yi min dogon turanci ba. Cewa ta yi, "Bukar, kai ka kaɗa masa ya shiga, kai za ka dawo min da shi. A kan ƙafafunsa." Wannan maganar na riƙa ji a kunnena tun daga Legas.

A wata iyaka wani jami'i ya juya kalanguna sama da ƙasa, ya ce sai na kaɗa ya tabbatar ban cusa komai a ciki ba. Na kaɗa masa. Mutumin nan ya ajiye biro ya ɗan girgiza kafaɗa, abokansa suna dariya, ya ce mu wuce. Da buhunan Ciyaman muka wuce, ko kwance su ba a yi ba.

A Lome hanya ta bi gefen teku. Modu bai taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba, ya leƙa ta taga ya yi ta ihu kamar yaro, sannan ya ɗaga hagunsa ya maimaita kirarin da ya yi a Sabon Gari ranar wasan ƙarshe. A ranar, gaban dubban mutane, ya tsaya tsakiyar fili ya ce, "Ni ne Autan Falmata, taɓaryar Fagge, mai daka ƙato ya zama gari! In ban yi kisa a ƙasar Gana a gaban taro ba, Kano ta haramta gare ni!" Kisa a wurinmu shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa. Jama'a suka yi ta shewa suna liƙa masa kuɗi, ni kuma na ƙara wa kalangu wuta, don aikina ke nan. A mota ma da ya maimaita dariya muka yi, babu wanda ya kawo komai a ransa.

Mun shiga Akra a galabaice, azumi ya riga ya kama. Ciyaman ya sauke mu a wani ɗaki bayan tasha, ya tsayar da tasi ya hau loda buhuna. Wajen lodin ɗaya ya yage, sai ga riguna da huluna masu kore da fari suna zubowa, irin waɗanda ake sayar wa 'yan kallo. Ya tattare su da sauri ya ce, "Ku huta, yanzu zan karɓo muku katunan shiga." Har yau yana karɓowa. Ashe mu ba 'yan wasa ba ne a wurinsa, 'yan dako ne masu fuskar tawaga. Na ji haushin kaina ya fi na Ciyaman yawa, don da furfurata aka yi min wannan.

Da mai ɗaki ya gaji da jiran wanda ba zai zo ba, sai ya fito mana da jakunkunanmu. Muka tambayi inda Hausawa suke, aka ce mu nufi Nima. Zango ne babba, Hausa ko'ina, amma wata irin Hausa da za ka ji an ce wa mace "ya zo", ka yi ta waige kana neman namijin. A nan Allah ya haɗa mu da Malam Isufu, wani dattijo mai tsire ɗan asalin Damagaram. Ya ga kalangu a kafaɗata ya ce, "Na dambe ne ko na mahauta?" Na ce duka biyun uwarsu ɗaya. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma ya ɗaura zare da ƙuruciya. Ya buɗe mana rumfar da yake ajiye itace ya ce, "Ba ɗaki ba ne, amma ruwa ba ya zuba sosai."

Ruwa kam yana zuba, iskar garin kuma jiƙaƙƙiya ce, fatar kalangu ta yi laushi har ta daina magana, sai na gasa ta a gefen wutar tsire. Da magariba matar Malam Isufu takan aiko mana da koko da ƙosai, wani lokaci da dokunu, wani curin masara mai tsami da na ci don dole. Ina kurɓar kokon ina tuna kunun tsamiyar Ya Falmata, da yadda layinmu na Fagge ke cika da ƙamshin suya kafin kiran salla, da hayaniyar mahaɗar Bata ana tsere da rana kowa yana son ya sha ruwa a gida. Ban taɓa zaton zan yi kewar ashar ɗin 'yan adaidaita ba, sai ga shi na yi.

Mun je ƙofar filayen wasa mun yi bayani har bakinmu ya bushe. Masu gadi suka ce ba su san da wani dambe na zare ba. Ɗaya ma ya tausaya mana ya ba mu ruwa, muka ce muna azumi, ya rasa yadda zai yi da mu.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne waya. Sani mai gidan kallo na layinmu kullum sai ya bugo. "Kawu Bukar, yau ne za a nuna Auta? Wallahi gida ya cika, har daga Rijiyar Lemo an zo. Mun kalli masu ninƙaya, mun kalli masu ɗaga ƙarfe, mun gaji da kallon 'yan tsalle. Yaushe ne namu?" Sai in ce masa ana shiri. Modu yana gefe yana ji, yana murza hannun hagunsa. Daga baya ya kashe tasa wayar gaba ɗaya.

Sauran 'yan damben uku suka samu motar albasa da za ta koma arewa babu kaya, direban ya ce zai rage musu hanya. Akwai wurin mutum biyar. Na ɗaure jakata, Modu bai motsa ba.

Na ce, "Tashi mana."

Ya ce, "Kawu, ka manta abin da na faɗa?"

"Kirari ne. Wane ɗan dambe ne bai taɓa cika baki ba?"

"A gaban duk Sabon Gari na faɗa. An ɗauka a waya. In koma in ce musu me? In ce dakon riguna na yi?"

"Ka ce an cuce mu, ai gaskiya ce."

"Kai makaɗi ne, Kawu. Kai ko an cuce ka gobe za ka kaɗa. Ni in na shiga fili yara za su riƙa tambayata ina ƙaton Gana."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan uwarsa. Da rantsuwa ya yi da Allah da abin ya zo da sauƙi, malam zai ce a yi kaffara a wuce wurin. Amma kirari mutane ne suka ji shi, mutanen gidan dambe kuwa ba sa mantuwa. Motar albasa ta tafi ta bar mu. Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da tabarmarsa a naɗe, babu shi babu jakarsa.

Daga ranar ban ƙara zama ba. Na bi Nima lungu-lungu, na bi Mamobi, na je Sabon Zango, na je bakin teku inda masunta ke jan taru ina leƙa fuskar duk wani dogon saurayi. Takalmina ya tsinke na ɗaure shi da tsirkiyar kalangu. Ya Falmata ta bugo ta ce, "Ba ni shi." Na ce ya fita motsa jiki. Ta ce, "Bukar, muryarka ba ta motsa jiki ba ce." Ta kashe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Cikin wannan yawo na ci karo da 'yan tafin Najeriya a ƙofar wani fili, sun sha kore da fari, da kakaki na ƙarfe da ganguna. Shugabarsu wata Bayarabiya ce ƙaƙƙarfa, Iya Ronke. Ta dubi kalanguna ta ce da Hausa tsantsa, "Kai, ɗan ina ne?" Na ce Fagge. Ta dafe ƙirji ta ce, "Haba! Ni a Sabon Gari aka yanke min cibi. Har yanzu ana lodin Legas a Niyu Rod?" Na kwashe labarina na faɗa mata. Ta ja tsaki ta tsine wa Ciyaman da Yarabanci, sannan ta ce, "Ka riƙa kaɗa mana. Motarmu za ta tashi zuwa Legas washegarin rufe gasa da sassafe. Kujera biyu naka ne. Amma ba na jiran kowa, ko mijina ne."

Na riƙa binsu fili-fili ina kiɗa, idona yana kan taro. Kowa yana kallon masu gudu, ni ina kallon masu kallo.

Ranar rufe gasa da hantsi Malam Isufu ya same ni, ya ma bar tsirensa a wuta. Ya ce, "An ga ɗanka. Yana ɗaukar wa masu sayar da lemo ƙanƙara a wajen babban fili. Amma ka ji, shi da wasu samari sun yi magana da masu haƙar zinare. Yau in an tashi daga wasa, mota za ta kwashe su zuwa daji." Na ce wane daji? Ya ce, "Inda rami ke rufawa da mutum a ci gaba da haƙa a gefensa. Na san uku da suka tafi daga layin nan, ɗaya ne ya dawo, shi ma ba da hankalinsa ba." Ya ɗauki farantinsa, na ɗauki kalangu, muka kama hanya.

Bayan la'asar wajen filin nan ya zama kamar Kantin Kwari ana dab da rufe ƙofa. Waɗanda ƙasashensu suka kwashi lambobi suna rawa a kan motoci. Wani ƙato naɗe da tutar ƙasarsu ya zauna a bakin kwalbati yana kuka wiwi, matarsa tana yi masa fifita tana dariya. 'Yan Najeriya kuwa, kamar kullum, rabi suna murna rabi suna gardama, wannan ya ce alƙalai sun danne mu, wancan ya ce mu gode Allah da ma aka samu na samu. Mutanen da suka kwana biyu suna zagin juna a kan ƙwallo yanzu suna musayar riguna suna ɗaukar hoto, kowa yana cewa sai mun haɗu a ta gaba. Wani Balarabe ya so ya karɓi hulata ya ba ni tasa ta rana, na ce masa ya yi haƙuri. Masu talla sun karya kaya suna roƙon a saya. Sani ma ya bugo, ina jin ihu a bayansa. Ya ce, "Kawu, an gama fa. Ana ta musu a nan kan wa ya fi wa. Amma mutane cewa suke ina Auta?" Na kashe wayar na cusa a aljihu.

Ta ina zan ga mutum ɗaya a cikin wannan? Motocin kaya sun yi layi a bayan rumfuna, samari suna ta hawa, ban san wacce ce ta daji ba. Rana tana sauka, maƙogwarona ya bushe ƙamas.

Abu ɗaya ya rage min, kuma ba na son yin sa. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da nasa ne shi kaɗai. In ya ji shi tsuma take kama shi, jikinsa ya hau rawa, ko yana cikin cin abinci sai ya miƙe. Sai dai ba a kaɗa wa mutum take don wasa. Kira ne zuwa fili, kuma in ka kira ɗan dambe alhali babu abokin karawa, ka tozarta shi a gaban mutane.

Na ce wa Iya Ronke ta tsayar min da mutanenta. Ta ɗaga hannu ɗaya, kakaki da ganguna suka yi tsit. Na matse kalangu a hammata na saki taken Autan Falmata. Na kaɗa, na sake, na matsa gaba ina kaɗawa, mutane suna buɗa min hanya suna tafi, a zatonsu shagalin rufewa ne. Hannuna ya fara sanyi. Can sai na ji wata kururuwa daga wajen motocin. A saman wata tsohuwar mota, cikin samari, hannun hagu ya tashi sama yana karkarwa.

Modu ya diro. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigarsa jiƙe da ruwan ƙanƙara. Ya taho jikinsa yana ɓari, jama'a suka ja baya suka yi mana da'ira ba tare da an ce su yi ba. Ya tsaya a gabana idonsa jajir.

Ya ce, "Kawu, me na yi maka? Ka kira ni a gaban duniya. Ina abokin karawar?"

Na cire kalangu na miƙa wa Iya Ronke. Na tuɓe hula, na naɗe hannun riga. Na ce, "Ga shi."

"Kawu, don Allah."

"Nan ƙasar Gana ce ko ba ita ba ce? Wannan taro ne ko ba taro ba ne? Ja daga."

"Wallahi ba zan ɗaga maka hannu ba."

Na dunƙule hannu na kai masa wani dukan tsofaffi a kafaɗa. Ya kauce. Na sake kai masa, ya sa tafin hannu a ƙirjina don ya tare ni, ko turawa bai yi ba. Sai na saki jikina. Na yi niyyar in sauka a hankali, amma azumi da yawo sun cinye ni, gwiwata ta daki kankare har sai da na ga wuta, tafin hannuna ya biyo baya. A dambe in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare.

Ga ni durƙushe gaban yaron da aka raɗa wa suna a idona. A gidanmu ko gaisuwa ce shi ke durƙusa min. Na ji kunya har cikin ƙashina, amma ban tashi ba.

Ya ce, "Tashi, Kawu! Tashi, mutane suna kallo!"

Na ce, "Ai su nake so su kalla. Ba na tashi sai alƙali ya yi hukunci."

Malam Isufu ya dire farantin tsire a ƙasa, ya shigo da'irar da tafiyar tsohon ɗan dambe, ya kama hagun Modu ya ɗaga sama. Ya ce da ƙarfi, "Kisa! Na gani da idona, a gaban taro!" Iya Ronke ta ba da umarni, kakaki suka ɗauka. Mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba suka hau ihu suna kaɗa tutoci, ba su san me aka ci ba. Modu kuwa hannunsa yana sama yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Ya fizge, ya sunkuya ya ɗauke ni cak. Ina kafaɗarsa na ga motar dajin ta tayar ta wuce.

Washegari muka bi motar Iya Ronke. A hanyar Legas duk inda aka tsaya Modu ke sauko da ni, shi ke mayar da ni, don gwiwar ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa.

Hoton ya riga mu isa Kano, wani ya ɗauka a waya ya watsa. Muna sauka a Sabon Gari 'yan kamasho suka hau kiran, "Ga ƙaton Gana! Kawu Bukar, ya jikin?" Har yau sunan bai bar ni ba. Masu gardama sun yi gardama, wasu suka ce wannan ba kisa ba ne, tsofaffin 'yan dambe suka ce gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba? Aka bar maganar a nan.

Da muka shiga gida a Fagge, Ya Falmata tana tsakar gida tana tace kunu. Modu ya zube a gabanta yana gaisuwa. Ta dube shi daga kai har ƙafa, ta ɗora masa hannu a ka. Sannan ta juyo gare ni ina dogare da bango. Tun muna yara ba ta taɓa yi min kallon da ba na faɗa ba, sai ranar.

Ta ce, "Wacce gwiwar ce?"

Na ce, "Ta dama."

Ta ture ƙwaryar kunun gefe, ta jawo min kujerarta ta tsugunno, ta ce wa Modu ya ɗauko man zafi a ɗaki. Sannan ita, yayata, ta zauna a ƙasa a gabana ta ce, "Miƙo ta nan."